Bayan an tashi daga bita: ina kuɗin horar da masu jinyar jarabar ƙwaya ke tafiya?

Shekara ashirin cur likita a Amurka ya yi yana rubuta wa majiyyaci morfin ko fentanil, magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi, da lasisinsa na yau da kullum, amma in buferenofin zai rubuta, wato maganin da ke ceto mutumin da irin waɗannan ƙwayoyi suka kama, sai ya zauna horo na awa 8, ya cike takardu, ya jira a ba shi wata lambar izini mai farawa da harafin X. Dokar da ta shimfiɗa wannan tsari ta shekarar 2000 ce, maganin kuma ya samu amincewar hukumar magunguna ta ƙasar a 2002. Ko da likita ya samu lambar, majiyyata 30 kaɗai aka yarje masa ya riƙe. A 2006 aka ɗaga zuwa 100, a 2016 zuwa 275. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe wa manyan ma'aikatan jinya da mataimakan likitoci ƙofa, su kuma aka ɗora musu awa 24.

Kusan kowa a wannan shinge ya ɗora laifin ƙarancin masu jinya, kuma da hujja. Ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiyar Amurka ya gano cewa a 2018, kashi 40 cikin 100 na gundumomin ƙasar ba su da ko mutum ɗaya mai wannan izini. A ƙarshen Disambar 2022 majalisa ta soke shi, Shugaba Joe Biden ya sa hannu, aka yi ta murna. Da masu bincike suka waiwayi shekarar da ta biyo baya, sai suka tarar masu rubuta maganin sun ƙaru, amma adadin majiyyatan da ke karɓarsa da ƙyar ya motsa. Dama tun kafin a soke izinin an lura da wani abu: da yawa daga cikin waɗanda suka yi horon suka karɓi lambar, ko dai ba su rubuta maganin ba ko kaɗan, ko kuma majiyyata ƙalilan suke dubawa. An horar da su, an ba su takarda, sun koma sun ci gaba da abin da suka saba.

Duk wanda ke riƙe da kuɗin horar da ma'aikatan lafiya, gwamnati ce ko gidauniya ko hukumar agaji, ya kamata wannan labari ya hana shi barci. A ganina mafi yawan kuɗin da ake zubawa a wannan fanni yana ƙarewa ne a ranar da aka raba takardar shaida, alhali tsadar gaske da wahalar gaske suna farawa ne washegari, lokacin da ma'aikacin ya koma asibitinsa shi kaɗai.

Sai an san cutar kafin a fahimci dalilin haka. Dangin ofiyom, daga hiroyin da morfin zuwa kodin da tiramadol da fentanil, suna maƙalewa ne a wasu gurabe a ƙwaƙwalwa, su kashe zafin ciwo, su kawo natsuwa, su kuma rage saurin numfashi. In an daɗe ana sha, jiki yakan saba, har abin da ke gamsar da mutum jiya ba ya isarsa yau. In ya daina kuwa, ciwon yankewa ya taso: gumi, hamma ba ƙaƙƙautawa, majina da hawaye, murɗar ciki, gudawa, ciwon ƙashi, da wani rashin sukuni da ba ya barin mutum ya zauna ko ya kwanta. Yawancin waɗanda suka yi nisa ba don daɗi suke sha ba kuma, gudun wannan azaba suke yi.

Abin da hankali ke fara kawowa shi ne a killace mutum har ƙwayar ta fita daga jikinsa, a sallame shi. Wannan dabara ta kashe mutane da yawa. Bayan makonni ba ya sha, sabon da jikinsa ya yi ya ragu, sha'awar kuwa tana nan. Ranar da ya koma ruwa, ya ɗauki adadin da ya saba, numfashinsa ya tsaya. Wani bincike da aka buga a 2007 kan fursunonin da aka sako a jihar Washington ya nuna cewa a makonni biyun farko bayan fitowarsu, haɗarin su mutu saboda ƙwaya ta yi musu yawa ya ninka na sauran jama'a sau 129. Shi ya sa magani na dogon zango ya zama ginshiƙi. Tun a 1965 Vincent Dole da Marie Nyswander suka nuna a New York cewa metadon, in ana ba da shi kullum a ma'auni daidai, yana kwantar da sha'awar, mutum ya koma aiki da iyali. Buferenofin ya biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun cikin jerin muhimman magunguna a 2005, kuma tarin bincike ya nuna cewa wanda ke kan ɗayansu haɗarin mutuwarsa yana raguwa da kusan rabi ko fiye. Maganin yana nan, kuma ba wani mai tsada ba ne. Duk da haka rahoton 2024 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi ya ce daga cikin mutum miliyan 64 da ke fama da matsalar ƙwaya iri-iri a duniya, ɗaya cikin 11 ne ke samun jinya. A mata kuwa ɗaya cikin 18.

To, me ke hana ma'aikacin da aka horar ya yi aikin? Mu leƙa ɗakin duba marasa lafiya. A ce wata ma'aikaciyar jinya ta dawo daga bita makon jiya. Yau ga majiyyacinta na farko, saurayi, ya ce rabonsa da ƙwaya tun daren jiya. An koya mata cewa buferenofin ya fi sauran ƙarfin kama gurbin nan na ƙwaƙwalwa, amma ba ya kunna shi gaba ɗaya. In ya tarar da wata ƙwaya a wurin, ture ta yake yi ya zauna. Saboda haka ba a fara shi sai ciwon yankewa ya bayyana sosai. Ta duba idon yaron, ta ƙirga bugun zuciyarsa, ta taɓa fatarsa, ta cike takardar awo, maki ya kai, likita ya amince. Ta sa masa maganin a ƙarƙashin harshe. Kafin awa guda yaro yana birgima a ƙasa, yana amai, yana zagi, yana cewa guba aka ba shi. Ashe abin da yake sha akwai fentanil a ciki, shi kuma fentanil yakan ɓuya a kitsen jiki ya daɗe yana fitowa a hankali. Wanda ya ƙware ya san wannan na faruwa, ya san yadda ake lallaɓa shi, har ma sau da yawa ƙarin maganin ne mafita. Ita kuwa ba ta da wanda za ta kira. Yaron ya fita bai dawo ba, ya kuma gaya wa abokansa. Ita ma a ranta ta rantse ba ta ƙara.

Ba wata bitar kwana uku da za ta hana wannan. Lambar wayar wani ƙwararre da zai ɗauka a wannan minti ita ce za ta hana, kuma wannan lamba kuɗi ce: albashin mutumin da ke zaune yana jiran irin wannan kira. Metadon ma da nasa tarkon. Yana daɗewa a jiki yana taruwa, don haka ma'aunin da bai yi komai ba ranar farko yana iya kisa a rana ta huɗu. Makonni biyun farko su ne mafi haɗari. Ana farawa ƙasa-ƙasa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ana iya karanta wannan a takarda cikin minti biyar, amma sanin lokacin da za a ƙara wa mutumin da ke gabanka yana roƙo, da lokacin da za a ce masa ya yi haƙuri, sai an yi a gaban wanda ya iya.

Akwai wanda zai kawo Faransa a matsayin hujjar cewa horon ma gaba ɗaya ɓata lokaci ne. Tun tsakiyar shekarun 1990 ƙasar ta bar kowane likita ya rubuta buferenofin ba tare da wani horo na musamman ko izini ba, maganin ya shiga kasuwa a 1996, kuma cikin 'yan shekaru mace-macen da hiroyin ke jawowa suka faɗi da kusan kashi 79 cikin 100. Gaskiya ne, ko da yake wasu abubuwan ma sun canza a lokacin, kamar shirye-shiryen raba allura mai tsabta. Sai dai a duba abin da likitan Faransa yake da shi. Inshorar ƙasa na biyan kuɗin ganinsa da na maganin. Kantin magani na kusa yana da shi. Akwai cibiyoyi na musamman da ƙungiyoyin haɗin gwiwa tsakanin likitocin gari da asibiti da zai tura wanda ya gagare shi. Wato abubuwan da ke bayan aji suna nan, shi ya sa rashin ajin bai yi illa sosai ba. Likitan ƙauye a Amurka ya samu ajin, ya rasa sauran.

Wuraren da abin ya yi kyau sun gane haka da wuri. A Boston, tun farkon shekarun 2000, aka fito da tsarin da ma'aikaciyar jinya ce ke riƙe da ragamar jinyar: ita ke tantance majiyyaci, ta zauna da shi ranar farko, ta bi shi da waya, ta duba gwajin fitsari, ta yi fama da kamfanin inshora, likita ya duba ya sa hannu. Daga 2007 jihar Massachusetts ta ɗauki nauyin yaɗa tsarin zuwa ƙananan cibiyoyin lafiya, tana biyan albashin ma'aikatan jinyar tare da horo da tallafin da ba ya yankewa. Jihar Vermont ta bi wata hanya mai kama da wannan a 2013: manyan cibiyoyi na karɓar masu tsananin matsala, in sun daidaita a miƙa su ga likitocin gari, in abu ya dagule a mayar da su. Ga kowane majiyyaci 100 kuma, gwamnati na biyan ma'aikacin jinya ɗaya da mai ba da shawara ɗaya su taya likitan. Likitan da ya san akwai inda zai mayar da wanda ya fi ƙarfinsa ya fi saurin cewa a kawo.

Wanda ya fi burge ni shi ne shirin ECHO, wanda ma ba don ƙwaya aka fara shi ba. Sanjeev Arora, likitan hanta a Jami'ar New Mexico, ya ga masu ciwon hanta nau'in C suna jiran wata takwas kafin su gan shi, wasu daga nesa mai yawa. A 2003 ya fara haɗa likitocin karkara ta bidiyo duk mako. Kowa ya kawo matsalar majiyyacinsa na gaske, an ɓoye suna, a tattauna, ƙwararru su ba da shawara, sauran su saurara su ƙaru. Binciken da aka buga a 2011 ya nuna majiyyatan waɗannan likitoci suna warkewa daidai da na asibitin jami'ar. Daga baya aka ɗauki salon zuwa jinyar jaraba, kuma ya bazu ƙasashe da dama. Da ma'aikaciyar jinyar nan tamu tana cikin irin wannan zama, ranar Laraba za ta ba da labarin yaronta, wani daga wani gari ya ce shi ma ya taɓa gani, ga abin da ya yi. Sirrin ke nan. Amma a lissafin mai ba da kuɗi irin wannan shiri ba shi da kwarjini: ba ranar buɗewa, ba hoton rukuni, sai awa ɗaya da rabi duk mako, shekara da shekaru.

A nan ne halin kuɗin kansa ya shigo. Kuɗin tallafi gajeren numfashi gare shi. Dokar da majalisar Amurka ta zartar a ƙarshen 2016 ta ware dala biliyan 1 ga jihohi don yaƙar annobar ƙwaya, amma na shekara biyu. An ci gaba da sabunta irin wannan tallafi, sai dai shugaban asibitin da bai san ko kuɗin zai dawo baɗi ba ba zai ɗauki ma'aikaci na dindindin da shi ba. Abin da zai iya kashewa kafin wa'adi ya cika, ya kuma rubuta a rahoto, shi ne bita: an horar da mutum 400. Lamba ce mai kyau, mai sauƙin ƙirgawa. Mutum nawa cikin 400 ɗin ke duba majiyyata bayan shekara guda, kuma majiyyata nawa ne suka kai wata shida a kan magani, ba kasafai ake tambaya ba, don amsar tana zuwa ne bayan an rufe littafin shirin. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Yanzu kuma ga wata dama da ba a saba gani ba. A yarjejeniyar da aka kammala a 2022, kamfanin Johnson & Johnson da manyan dillalan magani uku, McKesson da Cardinal Health da AmerisourceBergen, waɗanda aka zarga da hannu a yaɗuwar ƙwayoyin, sun amince su biya jihohi da ƙananan hukumomi dala biliyan 26, mafi yawanta cikin shekara 18, kuma an sharɗanta a kashe aƙalla kashi 85 cikin 100 wajen magance annobar. Horar da ma'aikata na cikin abubuwan da aka halatta. Shekara 18 ta isa a raini sabon rukuni guda na ƙwararru. Abin tsoron shi ne tarihi: a 1998 kamfanonin taba sun amince su biya jihohi 46 kimanin dala biliyan 206, kuma ɗan ƙaramin kaso ne ya tafi ga hana shan taba, sauran ya narke a cike giɓin kasafi. Tuni 'yan jarida suka bankaɗo wuraren da kuɗin ƙwayar ya tafi ga sayen motoci da kayan aikin 'yan sanda.

Ko an horar da mutum da kyau, sai ya zauna kafin a ci moriyarsa. Aiki ne mai cin rai, albashinsa bai kai na sauran fannoni ba, masu barinsa kuma suna da yawa, musamman masu ba da shawara. A 2016 ne ma aka amince da jinyar jaraba a matsayin reshen ƙwarewa mai zaman kansa a hukumance ga likitocin Amurka. Dabarar da gwamnatin tarayya ta ɓullo da ita ita ce biyan bashin karatu: wani shiri na yafe har dala 75,000 ga wanda ya yi shekara uku a wurin da ake da buƙata, wani kuma har dala 250,000 a shekara shida. Wasu ba sa lissafa wannan cikin kuɗin horo. Ni ina lissafa shi, domin horon da mai shi ya tattara ya koma wani fanni bayan wata takwas, ɗibar ruwa ce da rariya.

A ƙasashen da ke dogaro da masu ba da agaji matsalar ta fi tsanani, don can har maganin kansa daga aljihun baƙo yake fitowa. Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon a Muhimbili da ke Darussalam a 2011 da tallafin shirin PEPFAR na Amurka, wanda asalinsa don yaƙi da cutar ƙanjamau ne. Masu allurar hiroyin na cikin waɗanda cutar ta fi kamawa, ta nan kuɗin ya biyo. An horar da ma'aikata, mutane sun yi layi, shirin ya bazu zuwa wasu asibitoci. Amma jinyar da ta shigo ta ƙofar wata cuta, ranta na hannun kasafin waccan cutar. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025, shirye-shiryen da ke rataye da PEPFAR a ƙasashe da dama sun girgiza. Metadon kuwa kullum ake shan sa. Mai ciwon hawan jini zai iya tsallake kwana biyu bai ji komai ba. Mai shan metadon in ya zo ya tarar da taga a rufe, kafin kwana biyu jikinsa zai tura shi wurin dillali.

Akwai kuma wata cuta da tsarin agaji ya haifar da kansa, wato bitar alawus. In kuɗin zama da na mota sun fi albashin mako, sunan da ke shiga jerin mahalarta ba lallai ne na wanda ke zaune da majiyyata ba. Sau da yawa na shugabansa ne, wanda ya halarci irin wannan bita sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na mhGAP da ta ƙaddamar a 2008 don koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba kula da taɓin hankali da matsalar shaye-shaye, ta jaddada cewa sai an bi horo da sa ido da ziyarar mai koyarwa. Wannan sashe ne ake fara yankewa in kuɗi ya gaza, don man mota da lokacin ƙwararre ba sa fitowa a hoto.

Abu ɗaya da kuɗi ke wahalar saye shi ne zuciyar ma'aikacin. Likitoci da ma'aikatan jinya 'yan cikin al'umma ne, da abin da suka taso suna ji suke shiga asibiti: ɗan ƙwaya maƙaryaci ne, shi ya jawo wa kansa, ba shi metadon musanya wata ƙwaya ce da wata. Mai ciwon sukari in ya karya doka sukarinsa ya hau, ƙara masa kulawa ake yi. Mai jaraba in gwajin fitsarinsa ya nuna ya koma ruwa, a wurare da yawa korarsa ake yi daga shirin, a daidai lokacin da ya fi kusa da mutuwa. Lacca ba ta cika goge wannan ba. Abin da na ga ya fi tasiri shi ne ma'aikaci ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da wanda ya taɓa shiga ya fita, ya ga mutum mai shekara bakwai a kan magani yana zuwa aiki a kan lokaci, yana biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa. Irin waɗannan masu taimakon 'yan'uwansu su ne mafi arhar horarwa, su ne majiyyata suka fi yarda da su, su ne kuma ake biya mafi ƙanƙanta, galibi daga tallafin da ke ƙarewa a shekara. Haka mai sayar da magani: in ba a sa shi cikin horon ba, likita zai rubuta, majiyyaci ya kai takarda, a ce masa babu, ko a kalle shi sama da ƙasa har ya fasa dawowa. Shi kuwa naloksan, maganin da ke farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, koyar da shi minti kaɗan ne, kuma tun Maris 2023 aka amince a sayar da na fesawa a hanci a Amurka ba tare da takardar likita ba. Abin da ake yawan mantawa a faɗa shi ne ƙarfinsa na gushewa cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuwa tana iya fin haka daɗewa, don haka wanda ya farfaɗo ba a barinsa shi kaɗai.

Awa 8 ɗin nan da aka fara da ita ba ta mutu ba, sauya riga ta yi. Dokar da ta soke lambar X ita ce kuma ta wajabta wa kusan duk mai lasisin rubuta magungunan da ake sa wa ido, ban da likitocin dabbobi, ya yi horo na awa 8 kan jinyar masu matsalar ƙwaya, daga 27 ga Yunin 2023. Sau ɗaya ake yi a rayuwa. Ana iya yin sa ta intanet, a rarrabe, kuma awannin da mutum ya taɓa yi a baya suna shiga lissafi. Ranar sabunta lasisi, likita zai ga wani ɗan akwati a fom ɗin, ya danna cewa ya yi, ya wuce shafi na gaba.